Taswirar da Na Zana a Kan Buhu

Ba zan ɓata lokaci a kan rakiyar filin jirgi da addu'o'in da aka bi ni da su ba. Abin da ya kamata a sani kafin in sauka a Indiya shi ne maganar gona.

Mahaifina, Malam Sabi'u, yana da gona a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa ƙasar Makoɗa ya wuce Ɗambatta. Ba wata makekiya ba ce, amma ita muke ci, ita kakana ya ci. Gawo uku ne a tsakiyarta, sai tsamiya ɗaya a kusurwar da ke kallon titi. Tun da na gama difloma na zaga ofisoshin Kano har takalmina ya cinye ban samu aiki ba, burina ya koma guda ɗaya: in kafa ɗan injin matsar man gyaɗa a gindin tsamiyar nan, mutanenmu su daina kai gyaɗa birni da arha suna sayo manta da tsada.

Akwai wani ɗan kasuwa a Bacirawa, Alhaji Gambo, da ya zo har sau uku yana son Baba ya sayar masa da gonar. Kowane zuwa Baba sai ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa a damo fura, ya bar shi ya gama bayaninsa tsaf, sannan ya ce, "Alhaji, na tambayi gonar, ta ce ba ta sha'awar attajiri." Alhaji ya yi dariya, ya kaɗe riga ya tafi. Shi ne kuma daga baya ya aiko a kira ni, ya ce yana da abokan hulɗa a Indiya masu masana'antar mai, suna ɗaukar matasa horon wata shida, ci da kwana duk a kansu, a ƙarshe su ba ka takardar shaida. Mutumin da aka hana gona sau uku ya tashi zai yi wa ɗan mai gonar alheri, ni kuma mai difloma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Cewa na yi Allah ne ya dube ni.

Zangona na farko Mumbai. A filin jirgi wani siririn mutum ya tarye ni da kwali an rubuta sunana, Tasi'u, an ɓata shi yadda ko Inna ba za ta gane ɗanta ake nufi ba. Bai amsa gaisuwata ba. Hannu kawai ya miƙo, ya ce da Turanci in ba shi fasfo, za a kai rajista wurin hukuma, gobe ko jibi a dawo min da shi. Na ciro na ba shi da hannu biyu, yadda aka koya min miƙa wa babba abu. Sai bayan wata goma na sake ganin fasfon nan.

Ya saka ni a jirgin ƙasa ya ce kada in sauka sai an zo an kira sunana. Taragon cike yake, kuma duk idon da ke ciki a kaina yake. Wani ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto ba ko sallama. Wani kuma da ke gefena ya goga yatsa a dantsena, ya duba yatsan, ya nuna wa abokinsa suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci iya ɓaci, amma ina zan kai ƙara, da wane baki? Wata tsohuwa ce da ke zaune a gabana ta taso musu da faɗa, ban ji ko kalma ɗaya ba amma na ga sun sunkuyar da kai. Ta buɗe wata 'yar langa, ta ɗora min siririyar gurasa a hannu da ɗanyen mangwaro da aka jiƙa cikin yaji. Na ci, yajin ya sa ni hawaye, na kuwa ji daɗin samun abin da zan ɗora wa laifin.

Da gari ya waye na leƙa ta taga na ga mun shiga ƙasar noma. Gyaɗa ce a jere har ƙarshen gani, sai auduga, a kan wata ƙasa baƙa ƙirin mai danƙo, ba irin tamu ba. Na ce a raina, to ko ba komai an kawo ni inda aka san gyaɗa.

Garin da aka sauke ni yana yammacin jihar Gujarat, a wani yanki da teku ta kewaye ta ɓangare uku. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi na masana'antar ba, don akwai mutanen kirki da ke cin abinci a cikinta. Gari ne da ƙamshin soyayyar gyaɗa ke tarbarka tun daga tasha. Duk layin da ka shiga, ko ana matse mai, ko ana ƙera injin matse shi, ko ana ɗinkin buhun da za a zuba abin da ya rage.

Horon da aka yi min alkawari ya fara tun safiyar farko: aka nuna min babbar mota cike da buhunan gyaɗa, aka nuna min sito. Na ɗauka gwaji ne. Sati ya zagayo ina sauke buhu, wata ya zagayo ina kwashe tunkuza daga bayan inji ina share ƙasa. In na ɗan matsa don in ga yadda ake sarrafa injin, sai shugaban leburori ya daka min tsawa. Ɗakinmu na kwano ne a bayan sito, mu tara a ciki, sauran duk daga wasu jihohi masu nisa suka zo neman abinci. Abincin kuwa babu nama, babu ƙwai, kuma miyar wake sai an zuba mata sukari. Ni da na tashi da tuwon dawa miyar kuka, ga ni zaune ina tsoma gurasa a miya mai zaƙi. Wallahi akwai ranar da na yi mafarkin daddawa, ba tuwon ba, ba miyar ba, daddawar kawai.

A rana ta huɗu ina sallar azahar a bayan sito sai na ji an tsaya a kaina. Da na sallame na ga wani tsoho mai gemu ja da lalle, hannuwansa baƙi da man inji. Ya yi min cikakkiyar sallama, ya dafa ƙirji ya ce, "Isma'il." Sannan ya kama kafaɗuna biyu ya juya ni gaba ɗaya, ya nuna inda rana ke faɗuwa ya ce, "Ƙibla." Ashe kwana huɗu ina kallon gabas irin na gida, na ba wa Ka'aba baya. Tsohon ya yi ta dariya har da tari, ni ma na yi, dariyata ta farko a ƙasar ke nan.

Baba Isma'il, haka na riƙa kiransa, shi ne mai kula da babban inji. Ba ya jin Turanci, ba na jin yarensa, abin da ke tsakaninmu sallama ce da nuni da hannu. Da hakan ya koya min duk abin da na iya a yau. Lokacin hutun rana, in shugaban leburori ya tafi cin abinci, sai ya yafito ni. Ya ɗora tafin hannuna a jikin inji in ji ɗumin da ya dace. Ya sa in murza tunkuza a yatsa in gane ko da sauran mai a cikinta. Ya sa in kasa kunne in ji yadda kukan ƙarfe ke canzawa in ya fara cinyewa. In na yi daidai ya ce masha Allah, in na yi kuskure ya ɗan ja min kunne.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Baba ba ya riƙe babbar waya, sai yayata Hadiza ta zo daga gidan mijinta da tata, a taru a tsakar gida. A wurinmu matafiyi ba ya aiko da mugun labari, na gida ma ba sa aika masa, kowa ya riƙe nasa har Allah ya haɗa fuskoki. Ni kuma na ƙara da nawa girman kan, don duk ƙauye an san Tasi'u ya tafi karatun inji.

"Yaya wurin?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba. Lafiya ƙalau. Mutanen kirki ne, suna riƙe da ni kamar ɗansu."

Inna ta leƙo, rabin fuskarta a waya. "Abinci fa?"

"Sai wanda na zaɓa, Inna."

Ina faɗa ina gyara riga, kada su hango kafaɗar da buhu ya saɓule wa fata.

A wata na uku Nitin ya shigo labarin. Ɗan mai masana'antar ne, sa'ana a shekaru, ya yi karatu a waje, maganarsa a hankali cikin ladabi. Ya same ni ina shara, ya kira sunana daidai, shi ne mutum na farko da ya yi hakan a ƙasar. Ya ce an yi kuskure, bai san haka ake min ba, zai gyara maganar horo. Ranar Lahadi ya zo da mota ya ce in shigo ya nuna min yankinsu.

Ya kai ni wani dutse mai tsarki a wurinsu, matakala ta hau shi har ido ya gaza, tsofaffi na hawa da sanda suna hutawa. Wata Lahadin ya kai ni bakin teku, inda ake tare ruwa a fili rana ta shanye shi ya bar gishiri fari fat. Ya nuna min tashar jiragen ruwa da mai da auduga ke fita zuwa duniya. Ya zaga da ni wata unguwa da aka yanka wa masu masana'antu kaɗai, aka kai musu titi da wuta da ruwa tun kafin a aza bulo ɗaya. Ya ce kakansa da bijimi ɗaya ya fara, bijimin yana zagaya wani ƙaton turmi yana murza gyaɗa. Yanzu kuwa injuna sun yi yawa, fili ya yi tsada, gyaɗar yankin ta yi musu kaɗan. A hanyar dawowa ya tsaya a shagon wani Musulmi ya saya min naman kaza. Shi bai ci ba, ya zauna yana kallona ina tauna har ƙashi.

Sai ya ce, "Ku fa? Yaya naku yankin yake?"

Wata uku ba wanda ya tambaye ni ko daga ina nake. Kewar gida da haushin raini suka haɗu suka ɓalle min baki, na zage ina zuba. Na ce masa daga Kano har Ɗambatta ba za ka ga daji ba, gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye, babu taku ɗaya na ƙasa da ba shi da mai shi. Na ce ƙasarmu jigawa ce mai yashi-yashi, irin wadda gyaɗa ke so, in an zo cira ba ta riƙe ƙwaya kamar tasu. Ba ma hutar da gona, taki muke kai mata duk shekara da amalanke, mu shuka gero da wake da gyaɗa a wuri ɗaya kowa ya yi. Na ba shi labarin dam ɗin Tomas da noman rani, da kasuwar hatsi ta Dawanau inda manyan motoci ke lodi zuwa ƙasashen maƙwabta. Ina magana ina jin ƙamshin ƙasarmu in ruwan farko ya sauka. Ya saurara har na gama, ya ce abin ya burge shi, amma bai gane inda kowane abu yake ba, sai dai in zana masa.

Washegari da hutun rana ya same ni a sito. Na ɗauko farin buhu da babu komai a ciki, na shimfiɗa a ƙasa, na ɗauki alƙalamin da ake rubuta lamba a jikin buhuna. Na ja titi daga Kano zuwa arewa. Na sa kasuwannin ƙauye, kowacce da ranar da take ci. Na nuna inda manyan wayoyin lantarki suka bi, da fadamar da ke bayan gonarmu, inda rijiya ba ta wuce gaba uku ake samun ruwa.

"Yaushe manoma ke sayar da gyaɗa?" ya tambaya.

"Da kaka. Lokacin bukukuwa ke nan, kowa na neman na hidima, yadda ka taya haka za a sallama maka."

"Wa ke matse mai a can yanzu?"

"Mata ne a gida, irin Innata, da turmi da ƙarfin hannu."

A ƙarshe na zana gonarmu. Na yi wa gawo uku da'ira uku, na zauna na fitar wa tsamiya rassanta kamar ɗan firamare, na buga gicciye a gindinta. "Nan zan kafa nawa injin," na ce masa. "Duk yankin babu wurin da ya kai shi. Ga titi, ga wuta, ga ruwa." Kaina a kumbure na faɗa. Ya naɗe buhun a hankali ya ce zai ajiye don tunawa da ni.

Duk abin nan Baba Isma'il na tsaye a jikin inji yana kallo. Da Nitin ya fita sai ya tako ya zo, ya sa yatsunsa biyu masu maiƙo ya kama leɓɓana ya matse su, ya girgiza kai. Na ɗauka kishin tsoho ne don ɗan mai gida ya ja ni a jiki. Allah ya yafe min wannan zato.

Wata shida ya cika, biza ta ƙare, horo bai zo ba. Duk wanda na tambaya fasfo sai ya ce gobe. Shugaban leburori ya yi min bayani, baki har kunne, cewa yanzu in na kuskura na fita ƙofar masana'anta 'yan sanda ne za su kama ni. Daga ranar ko masallacin Juma'a na daina zuwa. Nitin ya ɗauke ƙafa har sati biyar, sannan wata rana ya ɓullo da fara'arsa. Ya ce harkar kasuwanci za ta kai shi Nijeriya, zai ga Alhaji Gambo, kuma ba zai so ya dawo bai gaida iyayena ba. Maganar fasfo kuwa matsalar takardu ce, in ya dawo za a warware. Ya miƙo min wayarsa ya ce in yi wa Baba saƙon murya don ya san ko shi wane ne.

A wurinmu in wanda ya riƙe ka a baƙunta zai je garinku, ba ka barinsa ya tafi haka nan, sai ka haɗa shi da mutanenka. Na karɓi wayar na ce, "Baba, ga abokina Nitin nan, ɗan mai gidan da nake. Duk abin da na samu a ƙasar nan ta hannunsa ne. Ku karɓe shi kamar ni ne na zo. Duk abin da ya nema, in da hali, a yi masa." Har na roƙe shi ya taho min da kuka da daddawa. Duk lokacin da na tuna roƙon nan sai in ji kamar in sharara wa kaina mari.

Bayan tafiyarsa zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu a ɗakin kwanon nan. Matar Baba Isma'il, wadda ban taɓa gani ba har na bar ƙasar, ta riƙa aiko min da romon akuya kullum. Shi kuma ya zo ya dafa goshina ya yi min tofi. Ɗaya daga cikin leburorin ɗakinmu, wanda ko addininmu ba ɗaya ba, ya riƙa ɗaukar rabon buhuna a kan nasa don kada a hana ni abinci. Ban manta da su ba, ba kuma zan manta ba.

Juma'ar da na fara miƙewa na kira gida.

"Baƙonka ya zo," in ji Baba. "Mun yanka masa zakara, ashe ba ya cin nama. Sai dambu Innarka ta yi masa."

"Ya ga gona?"

"Ya gani."

"Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya lau."

Hadiza ta ce kati zai ƙare, ta kashe wayar ba tare da ta juyo da ita na ga fuskarta ba.

Da Nitin ya dawo sai ya aika a kira ni ofis. A kan tebur ga fasfona, ga takardar izinin fita, ga tikitin jirgi. Ga kuma takardar shaida mai ruwan zinari a gefe, ta horon da bai yi min ba. A gefensu ga ƙullin leda, kuka da daddawa, ɗaurin hannun Inna. Bai manta ba. Na durƙusa har ƙasa ina godiya, ina cewa ban san da me zan saka masa ba. Shi kuwa wayarsa yake ta dubawa, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ranar tafiya Baba Isma'il ya raka ni ƙofa. Ya saka min tsohuwar sifanarsa a jaka, ya yi doguwar addu'a muka shafa. Sannan ya kama kafaɗuna ya juya ni gabas, ya ce, "Ƙibla," yana nuna min in na isa gida kada in manta in juya. Muka yi dariya, idonsa cike da ƙwalla.

Da bazara na sauka a Kano. Ban gaya wa kowa ranar ba, ina so in yi musu ba-zata. Na shiga ƙaramar bas ta Ɗambatta, na manne da taga. Gonaki an share su tas, kowacce da tsibin taki a jere ana jiran ruwa. Zuciyata ta yi fari, har na fara lissafa inda zan haƙa ramin aza inji.

Na ce wa direba, "A tsamiyar Malam Sabi'u zan sauka."

Ya ce, "Kamfani ke nan."

"A'a, tsamiya na ce, ta bakin titi."

"Ai ita ce kamfani, Malam."

Ya taka burki a gaban wata katangar bulo da ta fi ni tsayi. Ta ƙofar ƙarfen da ke buɗe na hango ciki. Gawo ukun babu su. Inda ya kamata a ga tsibin taki, tsibin tsakuwa ne da yashi da rodi. Tsamiya kaɗai aka bari, ita ma tana ciki. Jakata ta suɓuce daga hannuna ban sani ba.

Alhaji Gambo na tsaye a inuwarta yana ba magina umarni. Da ya gan ni ya buɗe hannuwa. "Injiniya! Saukar yaushe? Ka ga abin arziki ya zo garinku."

Ya ciro wata takarda mai ƙyalli daga mota ya ba ni, irin wadda ake raba wa masu zuba jari, da Turanci. Na karanta a tsaye. Yanki mai cike da manoma, babu daji tsakanin ƙauyuka. Ƙasa mai yashi da ta dace da gyaɗa. Ruwa kusa, lantarki kusa, kasuwa kusa, gyaɗa da arha lokacin kaka. Maganata ce tsaf, an yi mata wanka an sa mata riga. A shafin tsakiya ga taswirata, an sake zana ta da na'ura, ba a rage ko kasuwa ɗaya ba. Tsamiyar da na zauna na fitar wa rassa ita suka mayar tambarin kamfani.

"Haya ce, ba saye ba," in ji Alhaji. "Malam ya ce ba ya sayarwa, mun girmama maganarsa." Ya faɗi yawan shekarun hayar. Ko ni ba zan ga ƙarshensu ba, balle Baba. "Da kansa ya dangwala yatsa a gaban shaidu, ba wanda ya tilasta shi. Kuma ai kai ka aiko a yi wa baƙo abin da ya nema. In an kawo inji ka zo, muna neman wanda ya iya."

Da na buɗe baki a lokacin, da abin da zai fito sai an kai mu gaban alƙali.

Na sami Baba a zaure yana tufkar igiya. Ya rame. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen da na baro, na amsa duka lafiya. Da gaisuwa ta ƙare na kasa ɗaga kai.

"Baba, ƙarya na riƙa yi maka. Ba su riƙe ni kamar ɗansu ba. Dako na yi. Sun ƙwace min fasfo, ko ƙofa ba na fita. Da na faɗa maka gaskiya da ba ka ba su gonar ba."

Bai daina tufka ba. "Na sani."

Na ɗago na dube shi.

"Tun Juma'a ta biyu na sani. Kai da ko tuwo ne ya huce sai maƙwabta sun ji ƙorafinka? Wata da watanni ba ka kuka da komai ba, kullum lafiya lau, lafiya ƙalau. Na ce wa Innarka yaron nan yana cikin wani hali."

"To me ya sa, Baba? Sau uku kana hana Alhaji."

Ya ajiye igiyar a cinya. "Ranar da suka zo da takardar, nan suka zauna inda kake. Na ce da Alhaji ya tambayar min baƙon, yaushe yarona zai dawo? Baƙon ya ce da zarar an gama maganar takardu. Na dube shi, sai ya dubi Alhaji, Alhaji kuma ya dubi takardar da ke kan tabarma. Ban yi boko ba, Tasi'u, amma na gane takardun da ake nufi. Sai na ce a miƙo tawadar."

Na yi kuka a zauren nan irin wanda ban yi ba tun ina yaye. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Injin dai ka iya shi kuwa?"

"Na iya, Baba."

"To alhamdu lillahi. Shiga ka gaida Innarka, tun da ta ji muryarka take tsaye a bayan ƙofa."

Shekara ta zagayo yanzu. Baba yana noma wani ɗan gefe da maƙwabcinmu ya ba shi aro. Inna ta kife turminta na mai, don matan da ke saye a wurinta sun koma na jarka. Na yi wata huɗu ina rantsuwa ba zan taka ƙofar kamfanin nan ba, har hatsin rumbu ya ƙare. Ran wata Litinin na ɗauki sifanar Baba Isma'il na tafi.

Ni ne mai kula da babban inji. A gindin tsamiya suka aza shi, daidai inda na buga gicciye. Ga titi, ga wuta, ga ruwa. Wurin ya dace ƙwarai, kamar yadda na gaya musu.